Wasannin kwamfuta masu buɗaɗɗen tushe: ma'anarsu, yadda ake gina su, da amfaninsu ga yankin noman rani na Kura da Bunkure

Wasan kwamfuta mai buɗaɗɗen tushe shi ne wanda masu shi suka fitar da rubutun umarnin da aka gina shi da shi a fili, suka kuma ba kowa izini a rubuce ya buga shi, ya nazarce shi, ya sauya masa fasali, ya raba wa wasu. Akasarin wasannin da ke cikin wayoyin matasa a yau ba haka suke ba. Ana sauke su ba tare da an biya ko kwabo ba, amma tushensu a kulle yake a hannun kamfani, kuma ba wanda ke da ikon taɓa ko harafi ɗaya a cikinsu.

Wannan bambanci bai tsaya ga masu neman nishaɗi ba. Shekaru da dama ke nan masana harkar ruwa suna amfani da wasa domin zaunar da manoma su tattauna rabon ruwa, matsalar da mazauna Kura, Bunkure da Garun Malam suka fi kowa sani. Tambayar ita ce: idan za a gina irin wannan wasa domin manoman yankin, a hannun wa zai kasance, kuma wa zai iya gyara shi idan ya saɓa wa abin da ke faruwa a gona?

Kyauta daban, 'yanci daban

Asalin wannan tafiya na komawa ne ga Richard Stallman, wani masanin kwamfuta a Amurka, wanda ya shelanta aikin GNU a 1983, ya kuma kafa gidauniyar kare 'yancin manhaja a 1985. Tafiyar ta ginu a kan 'yanci huɗu: na amfani da manhaja don kowace irin buƙata, na nazarin yadda take aiki da sauya ta, na raba kwafinta, da na raba kwafin da aka yi wa gyara. A 1998 wasu masana suka fito da laƙabin "buɗaɗɗen tushe", suka fi mayar da hankali ga ingancin aikin da ake yi a bainar jama'a. Ɓangarorin biyu sun bambanta a aƙida, amma a aikace kusan manhajoji iri ɗaya suke nufi.

Abin lura shi ne ba batun farashi ake yi ba. Ana iya sayar da wasa mai 'yanci, kamar yadda ake iya bayar da wasa kulle a kyauta. Abin da ke raba su shi ne lasisi, wato takardar izinin da ke tare da manhajar. A Najeriya ma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare rubutaccen littafi. Saboda haka sanya tushen wasa a intanet kawai bai mayar da shi na kowa ba, sai mai shi ya liƙa masa lasisin da ya bayyana izinin ƙarara.

Lasisi iri biyu suka fi shahara. Na farko shi ne GPL, wanda ya fito a 1989. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya kuma rarraba ta, dole ya buɗe nasa gyaran a kan wannan ƙa'ida. Na biyu shi ne irin su MIT, mai sassauci, wanda bai buƙaci komai ba illa a bar sunan mai asalin aiki da takardar izinin, har kamfani na iya ɗauka ya saka a hajarsa ta kulle. Zane-zane, sauti da labarin wasa kuwa galibi ana ba su lasisin Creative Commons ne, irin wanda Wikipedia ta Hausa ke amfani da shi.

Taƙaitaccen tarihi

Raba tushen wasa ya girmi kasuwar wasanni kanta. Wasan Spacewar!, wanda Steve Russell da abokansa suka rubuta a cibiyar MIT a 1962, hannu da hannu ya yaɗu a jami'o'i, kowa na ƙara masa abin da ya ga dama. NetHack, wanda ya fito a 1987, har yau 'yan sa-kai na kula da shi. A 1996 wasu ɗalibai uku na Jami'ar Aarhus ta Denmark suka fitar da Freeciv, wasan kafa dauloli. Sai Battle for Wesnoth na David White a 2003, da Minetest na Perttu Ahola a 2010, wanda aka sauya wa suna zuwa Luanti a 2024.

Wasu wasannin kuma a kulle aka haife su, daga baya aka 'yanta su. Kamfanin id Software ya saki tushen Doom a 1997, ya mayar da shi ƙarƙashin GPL a 1999. Sai dai rubutun umarnin kaɗai aka saki, zane da sauti suka ci gaba da zama mallakar kamfani. Wannan ne ya sa 'yan sa-kai suka kafa aikin Freedoom domin ƙirƙirar sababbin zane da sauti masu 'yanci. Darasin a nan shi ne wasa sassa biyu ne, kuma kowane sashe na buƙatar nasa izinin.

Najeriya ma ta taɓa shiga wannan tarihi. A 2007 aka gwada shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, wanda ake kira OLPC, a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Albarkacin wannan shiri ne aka saki tushen tsohon wasan gina birni na SimCity a 2008, da sunan Micropolis. Samson Goddy, wanda ya taso ta hanyar manhajar Sugar ta waɗannan kwamfutoci, shi ne ya haɗu da Ada Nduka Oyom suka kafa ƙungiyar masu buɗaɗɗen tushe ta Afirka, OSCA, a 2018, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020.

Wani misalin da ya shafi Afirka shi ne wasan yaƙin dauloli na 0 A.D., wanda aka buɗe tushensa a 2009. A 2018 aka ƙara masa daular Kush, wadda ta yi zamani a inda Sudan take a yau. Buɗe ƙofar da aka yi ne ya ba masu sha'awar tarihin nahiyar damar sa hannu a aikin.

Kayan aiki

Ginshiƙin kowane wasa shi ne injinsa, wato manhajar da ke kula da zane, motsi, sauti da karɓar umarnin ɗan wasa. A cikin injina masu 'yanci Godot ne ya fi fice. 'Yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire shi, suka sake shi a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Ba shi da nauyi, yana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi ba tare da intanet ba, kuma akwai nau'insa da ake gina wasa da shi a kan wayar Android.

Darajarsa ta ƙara fitowa a watan Satumban 2023, lokacin da kamfanin Unity, mai ɗaya daga cikin manyan injinan kasuwa, ya bayyana cewa zai fara karɓar kuɗi gwargwadon yawan sauke wasannin da aka gina da injinsa. Masu sana'ar suka yi ca, wasu suka koma Godot, har kamfanin ya soke shirin bayan shekara guda. Duk da haka an ga zahirin karin maganar nan ta zanen aro ba ya rufe katara: wanda ya gina sana'arsa a kan kayan wani, sharuɗɗan na iya sauyawa a dare ɗaya.

Ga masu koyo akwai GDevelop, wanda ake tsara wasa da shi ba tare da rubuta dogon umarni ba, da Scratch, wanda MIT ta fitar a 2007 domin yara, kuma Hausa na cikin harsunan da ake iya zaɓa a cikinsa. Don zane akwai Krita, GIMP da Inkscape, don sauti akwai Audacity. Blender, manhajar ƙera siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi, jama'a ne suka tara yuro 100,000 a 2002 suka fanshe ta daga masu hannun jari, aka mayar da ita ta kowa.

Yadda aikin ke gudana

Ana ajiye tushen wasa ne a rumbun intanet irin su GitHub, GitLab ko Codeberg, ta amfani da Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 domin adana tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. Mai son taimakawa sai ya kwafi tushen, ya yi gyaransa, ya miƙa wa masu kula da aikin. Su kuma su duba, su karɓa ko su mayar masa da bayanin abin da ya rage. Idan aka samu saɓanin da ya gagari sulhu, kowane ɓangare na da ikon ɗaukar kwafi ya ci gaba da nasa reshen.

Ba masu rubuta manhaja kaɗai ake buƙata ba. Akwai gurbin mai zane, mai ɗaukar murya, mai gwaji da ke kai rahoton tangarɗa, da mai fassara. Yawancin waɗannan wasanni suna ware kalmominsu a fayil na daban, ta yadda wanda bai san komai a rubutun manhaja ba zai iya fassara su ta shafuka irin su Weblate. Mai fassara zuwa Hausa na da ƙarin aiki guda: ya tabbatar salon haruffan da wasan ke amfani da shi yana ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, in ba haka ba sai su fito a matsayin akwatuna. Haruffan Noto da Andika, waɗanda su ma masu 'yanci ne, sun magance wannan.

Ta fuskar kuɗi kuwa hanyoyin sun bambanta. Lichess, dandalin darar ces da Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010, da gudummawar jama'a yake tafiya, ba ya ɗaukar talla. Mindustry ana sayar da shi a kasuwar Steam duk da cewa tushensa a buɗe yake. Wasu kuma tallafin jami'a ko kwangilar wata hukuma ke ɗaukar nauyinsu. Amma gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce ayyuka da yawa suna mutuwa ne idan mutum ɗaya ko biyun da ke riƙe da su suka gaji.

Matsalar da ke ƙasa a Kura da Bunkure

Shirin noman rani na Kogin Kano ya samo asali ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da gonar gwaji a Kadawa a farkon shekarun 1970, sannan aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. An tsara kashin farko ya ƙunshi hekta 22,000. Ruwa na fitowa daga Tiga ya bi ta Ruwan Kanya, ya shiga babban kanal, ya rabu zuwa reshen yamma da na gabas, sannan ya bi ƙananan magudanai har cikin gonaki, duk ta hanyar gangare ba tare da injin turo ruwa ba.

Irin wannan tsari na da hali ɗaya a ko'ina a duniya: wanda gonarsa ke bakin kanal shi ke fara sha, na ƙarshe kuma sai abin da ya rage. Idan na gaba ya shuka shinkafa, wadda ta fi alkama da tumatir shan ruwa, ko aka bari yashi da kachala suka toshe hanya, ko ƙofar ruwa ta lalace, na baya ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Haka abin yake a babban mataki, domin ruwan da aka riƙe a Tiga da madatsar Challawa yana shafar manoma, masunta da makiyayan dausayin Haɗeja da Nguru.

Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da bashin kusan dala miliyan 500, ya gyara kanal-kanal a nan da wasu wurare a Arewa, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa tattara kuɗin ruwa da kula da ƙananan magudanai. Siminti dai an zuba. Abin da ya rage shi ne fahimtar juna tsakanin mutanen da ke shan ruwa ɗaya, kuma a nan ne wasa ke da rawar takawa.

Inda aka gwada wasa a kan ruwa

A Tanzaniya, masanin ban ruwa Bruce Lankford ya ƙirƙiro wani wasan kwarin kogi da ake yi a kan allon katako mai gangare. Ana sako ƙananan ƙwallayen gilashi a madadin ruwa, 'yan wasa kuma na sa sanduna suna karkatar da su zuwa gonakinsu. Nan take na ƙarshe ke ganin an bar shi hannu rabbana. Daga nan sai a sauya wurin zama, a sake bugawa, a shiga tattauna mafita. Cibiyar kula da ruwa ta duniya, IWMI, ta wallafa bayaninsa a 2004, kuma an gwada shi a Najeriya.

A kwarin Kogin Senegal kuwa, masu bincike na Faransa ƙarƙashin Olivier Barreteau sun fara gina tsarin kwamfuta mai suna SHADOC domin kwaikwayon yadda manoman rani ke rabon ruwa da biyan bashi. Da suka ga manoma ba su da hanyar sanin abin da ke cikin na'urar, sai suka mayar da shi wasan kati mai sunan Fulatanci, Njoobaari Ilnoowo, domin manoman su buga su kuma faɗi inda aka yi kuskure. Manhajar Cormas, wadda cibiyar CIRAD ta gina don irin wannan aiki, mai buɗaɗɗen tushe ce, haka ma takwararta NetLogo. A Jami'ar Zurich ma Jan Seibert da Marc Vis sun fitar da Irrigania a 2012, wasan intanet da ɗalibai ke zama manoman ƙauyuka masu tarayya a kogi da ruwan ƙasa.

Dukkansu sun dogara ne a kan abu ɗaya: gani ya kori ji. Manomin bakin kanal da ya zauna a kujerar na ƙarshe na minti talatin, ya ga amfaninsa ya ƙone a allo, ya fi saurin fahimta a kan wanda aka yi wa doguwar lacca.

Yadda za a iya gina na gida

Matakin farko ba kwamfuta ba ce. Ana fara gwada ƙa'idojin wasa ne a takarda, ko a ƙasa da tsakuwa kamar yadda ake haƙa gurabun dara, tare da manoman da suka san aikin. Sai an ga ƙa'idojin sun zauna sannan a kai su na'ura.

Kayan haɗin duk suna yankin. Ga kanal guda da gonaki a jere. Ga zaɓin amfani: alkama da ke son a shuka ta da wuri domin ta samu sanyin hunturu, shinkafar da ke da kasuwa amma take shanye ruwa, da tumatirin da farashinsa ke faɗuwa warwas a Kwanar Gafan idan kowa ya kawo a lokaci guda. Ga annoba irin tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a 2016. Ga kuma shawarar da kowane ɗan wasa zai yanke a kowane zagaye: zai biya kuɗin ruwa? Zai fita aikin gayyar yashe magudana? Zai buɗe ƙofa ba ranarsa ba? Wasan da ya san ƙasarsa ba zai manta da makiyayin da ke neman mashaya ba, ko matan da sana'arsu ta turara shinkafa ta dogara da abin da aka girbe.

Sannan dole a yi la'akari da na'urar da ke hannun jama'a. Ya zama wasan na aiki a ƙaramar wayar Android ba tare da data ba, umarninsa na fitowa da murya cikin Hausa domin wanda bai iya karatun boko ba, kuma ana iya tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender. A wasa mai 'yanci wannan turawa halal ce, lasisin ma don ita aka rubuta shi. Taswirar yankin na iya fitowa daga OpenStreetMap, alƙaluman buƙatar ruwan kowane amfani kuma daga masana.

Cibiyoyin da ke da ilimin suna kusa: tashar binciken noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwan Sama ta Jami'ar Bayero, sashen kwamfuta na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da ƙungiyoyin horar da matasa fasahar zamani irin su CITAD a Kano. Aiki ne da ɗaliban ajin ƙarshe za su iya farawa, na bayansu su ɗora a kai maimakon kowa ya fara daga tushe.

Dalilin da ya sa buɗe tushen ke da muhimmanci

Kowane wasan kwaikwayon rayuwa yana ɗauke da hukuncin wanda ya gina shi. Wani ne ya yanke yawan ruwan da shinkafa za ta sha a cikin wasan, da tarar da za a ci wanda ya karya doka, da wanda za a ɗora wa laifi idan ruwa ya yanke. Idan waɗannan alƙaluma a ɓoye suke, wasan na iya zama makamin ɓangare ɗaya. Idan a buɗe suke, ƙungiyar manoma na iya kiran ɗan unguwa mai ilimin kwamfuta ya duba mata, ta ƙalubalanci abin da bai yi daidai ba.

Na biyu, shirye-shiryen tallafi suna da wa'adi. Manhajar da ɗan kwangila ya kulle takan mutu ranar da kuɗin shiri suka ƙare. Wadda aka buɗe kuwa, manoman Bakolori a Zamfara, ko na Dadin Kowa a Gombe, ko na Jirataua kusa da Maraɗi, za su iya ɗauka su sauya taswira da amfanin gona ta dace da nasu.

Duk da haka wasa ba ya gyara fasasshiyar ƙofar ruwa, ba ya kawo wutar lantarki, ba ya kuma maye gurbin hukumar da ke hukunta mai satar ruwa. Buɗe tushe ma ba ya haifar da masu kula da shi. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin tsarin ban ruwa a ƙasashe irin su Nepal, ta nuna cewa dukiyar tarayya na ɗorewa ne inda masu amfani da ita suka sa hannu wajen kafa ƙa'idoji, suke sa ido a kan juna, suke kuma da hanyar sasanci mai sauƙi. Masu nazarin manhajoji masu 'yanci sun daɗe suna aron wannan ma'auni nata.

Ke nan sharaɗin da ke raya kanal shi ne ke raya irin wannan manhaja: a san masu kula da ita, a rubuta ƙa'idar karɓar gyara, a kuma samu masu fitowa aikin gayya a kai a kai. Duk ƙungiya ko hukumar da za ta ba da aikin gina wasa ko wata manhaja domin manoman yankin, tambayoyi uku ya kamata ta fara yi kafin sa hannu: wane lasisi za a liƙa mata, a ina za a ajiye tushenta, kuma wa zai ci gaba da kula da ita bayan an biya kuɗin aiki.